Mako na uku da koyon torent: ga inda na kwana

Salama alaikum 'yan uwa masu koyo. Makon jiya na ce zan rubuto ban samu ba, zafin Maradi ga kuran tana zuwa tana tafiya, sai yau bayan la'asar na samu na zauna gaban ordinatar. To ga abin da na yi, ga kuma abin da na gane, wanda ya fi ni sani ya gyara mini.

Abin da ya jawo ni cikin wannan harka tun farko Debian ne, wani nau'in Linux, wato tsarin da ke tafiyar da ordinatar kamar Windows, nake so in sa a tsohuwar ordinatar ƙanena, sau biyu ina telesharje shi kai tsaye daga sarba rezo na yankewa a tsakiya, na biyun ma ya wuce rabi, komai ya lalace sai dai a sake daga farko, wallahi ranar na ji zafin megana. Sai wani abokina da muke shan shayi a fada ɗaya ya ce mi ya hana ka ɗauko ta torent, wato hanyar da mutane ke musayar fishiye a tsakaninsu, ai su mutanen Debian da kansu suna ajiye shi haka. Na sa qBittorrent, manhajar ɗauko torent, na ɗauko ɗan ƙaramin fishiye ɗin nan na .torrent, na buɗe. Minti kusan biyar abu na rarrafe kamar ba zai tashi ba, har na kai hannu zan rufe, can sai ya zabura. Wannan zaburar ce ta tsaya mini a rai, na ce sai na san dalilinta.

Ga yadda na fahimta. Ku ɗauka malami ya kawo littafi mai shafi 300 kwafi ɗaya tak, ɗalibai 30 kowa na so. In kowa ya ce sai ya ari na malam ya kai fotokopi ya dawo, na ƙarshe sai ya tsufa a layi. Amma in kowa ya kwafi shafi 10 daban sannan aka shiga musaya, ba ni naka in ba ka nawa, kafin magariba kowa ya haɗa nasa cikakke kuma malam sau ɗaya kawai ya bada kowane shafi. Haka BitTorrent yake, wanda Bram Cohen ya ƙirƙiro a 2001. Ana yanka fishiye gutsure-gutsure daidai wa daida, kamar kilobait 256 ko mega 1 kowane gutsure, kana karɓa daga mutane da yawa lokaci guda kana kuma miƙa wa wasu wanda ya riga ya shigo hannunka. Babu wani uban gida ɗaya da kowa ke rataye a wuyansa.

Shi ɗan fishiye na .torrent ba kayan ne a ciki ba, jerin hatimai ne. Kowane gutsure ana yi masa lissafi da ake kira SHA-1 a fitar da lamba mai bait 20, in ko harafi ɗaya ya canza a cikin gutsuren lambar ba za ta zo daidai ba. Na ga amfanin wannan da idona ran Talata, kuran ta tafi batirin ordinatar kuma ya mutu tun tuni, abu ya mutu ɗif ana tsakiyar aiki. Da wuta ta dawo sai na ga manhajar tana bin gutsuren ɗaya bayan ɗaya tana gwada hatiminsu, wanda ya lalace ta jefar ta sake nemo shi shi kaɗai, sauran suna nan lafiya lau. Mu da muke zaune inda rezo da wuta ba su da tabbas, wannan kaɗai ya isa mutum ya koyi abin.

Sai tambayar yaya ordinatar tawa ta san su wa ke da kayan. Akwai abin da suke ce wa tiraka, ni dai ɗan kamasho na tasha nake kiransa, ba shi da mota ba ya tuƙi amma ya san wa zai tafi Zinder wa zai tafi Dan Isa sai ya haɗa ku. Tiraka ba ya riƙe ko gutsure ɗaya, adireshin IP na mutane, wato lambar da ake gane na'urarsu da ita a intanet, kawai yake ba ka. Napster, wani tsarin musayar waƙoƙi da Shawn Fanning ya fito da shi a 1999, duk jerin wa ke da mi a sarbar kamfanin yake, shi ya sa da kotu a Amurka ta matsa musu a 2001 komai ya tsaya cak. Yanzu kuwa ko tiraka ya mutu akwai DHT, an gina shi a kan tsarin Kademlia na 2002, kowace na'ura tana riƙe ɗan yanki na littafin adireshi, ka tambayi wannan ya ce ban sani ba amma ga wanda ya fi ni kusa, haka haka har ka isa. Shi ya sa magnet, wato abin da ake amfani da shi a maimakon ɗan fishiyen .torrent, ke aiki da layin rubutu ɗaya mai haruffa da lambobi 40. Nan ɗin har yanzu kaina bai gama ɗauka ba, musamman yadda ake auna kusanci tsakanin lambobi, na bar shi sai mako mai zuwa.

To mu koma ga rarrafen farko, don shi ne ya fi burge ni. Ashe manhajar tana fifita mai ba ta. Kowane daƙiƙa 10 tana duba su wa suka fi turo mata da sauri sai ta buɗe musu ƙofa, mutum kamar huɗu, sauran ta rufe. Kai sabon shiga ba ka da ko gutsure ɗaya da za ka bayar, to wa zai kula ka? Sai aka bar ƙofa ɗaya ta alheri, kowane daƙiƙa 30 ana buɗe wa wani haka kawai ba don ya bada komai ba, da wannan kake samun jarin farko, kana samu ka fara musaya sai gudu ya ƙaru. Kamar adashe ne, sai kana zubi kake kwasa. Kuma ba a jere take ɗauko gutsuren ba, wanda ya fi ƙaranci a cikin jama'a shi take fara nema don kar mai shi ya kashe na'ura ya tafi da shi.

Wanda ya haɗa fishiye cikakke ya bar manhajarsa a buɗe suna ce masa sid, wato iri, kuma sunan ya dace, duk manomin gero ya san in kowa ya cinye nasa babu wanda ya ajiye iri to damina mai zuwa sai kallo. Na gwada wani tsohon torent na littattafan karatu na kyauta, ya kai kashi 87 cikin 100 ya tsaya kwana uku, ba mai iri ko ɗaya, mu huɗu muna riƙe da gutsure iri ɗaya muna kallon juna. Abin ya ba ni tausayi sosai.

Amma fa ku yi hattara, ni na yi kuskure. Na bar shi yana bayarwa da dare a kan forfen salula ban sa masa iyaka ba, da safe forfen jikka biyu ya ƙare tas, don abin da kake turawa ma ana cire shi cikin mega. Ku shiga saiti ku rage gudun turawa, ko ku bari sai kuna kan wifi. Sannan duk wanda kuke musaya da shi yana ganin IP ɗinka, ba a ɓoye kake ba. Kuma ni dai ban yarda a ɗauko fim ko waƙar da mutane suka zuba kuɗinsu da guminsu ba tare da izininsu ba, kayan halal sun ishe mu gwaji, ga Linux, ga Wikipedia ta Kiwix da ake karantawa ba intanet, ga Internet Archive.

Jiya muka yi gwajin da ya fi min daɗi. Mu uku a fada, ordinatar biyu da salula ɗaya mai manhajar torent ta LibreTorrent, muka haɗu a kan tsohon akwatin wifi wanda ba intanet a cikinsa sam. Na ƙirƙiri torent da kaina na wani bidiyon darasi da na ɗauka, na tura musu ɗan fishiyen ta Bluetooth. Da farko ba su gan ni ba, sai da abokina ya sa adireshina na IP mai farawa da 192.168 da lambar ƙofar da manhajata ke karɓar baƙi ta cikinta da hannu. Da suka kai wajen rabi kowa da nasa gutsuren sai na ga sun fara ba juna ba ta kaina ba, da ɗayan ya cika na kashe tawa gaba ɗaya, salular ta ƙarasa daga wurinsa, ko mega ɗaya ba mu kashe ba.

Abin da ya rage mini shi ne ƙofar shigowa. A kan layin salula mu da yawa ne muke raba IP ɗaya na waje, don haka ni ina iya ƙwanƙwasa wa mutane amma su ba sa iya ƙwanƙwasa mini, in mu biyu duk a bayan irin wannan katanga muke sai haɗuwa ta yi wuya. Ina so in gwada tsakanin nan da wani ɗan uwa a Tasawa ran Asabar in Allah ya kai mu, wanda ya taɓa yin irin wannan a kan layin salula ya faɗa mini saitin da ya bi.