Wa ake gina wa shafin tara gudummawa?

Sana'ata tsara shafukan intanet ce, kuma tun da na zauna a Amurka nake ware wani lokaci ina yi wa ƙananan ƙungiyoyin baƙaƙen fata aiki kyauta: masu biyan beli, masu raba abinci, masu haɗa kuɗin jana'iza. Duk shugaban da ya zo mini, tambayar da nake fara yi masa ita ce: wa kake sa ran zai danna maɓallin bayarwa? Kusan kullum hankalinsa yana kan wani mai hannu da shuni can nesa, wanda labari zai taɓa zuciyarsa ya zuba dala dubu. Ni kuwa wadda nake gani ita ce dattijuwar unguwa da ke cikin bas za ta wurin aiki, waya a hannu, tana son ta ba da dala biyar kafin ta sauka.

Wannan taimakekeniya ba yau ta fara ba. A 1787, a birnin Filadelfiya, wasu shugabannin baƙaƙen fata biyu, Richard Allen da Absalom Jones, suka kafa ƙungiyar taimakon juna ta Free African Society, inda kowane ɗan ƙungiya ke zuba sule ɗaya a wata domin gwauraye da marayu da marasa lafiya. Tun daga nan har zuwa farantin da ake zagayawa da shi a coci ranar Lahadi, mutanen nan su ne na farko wajen ɗaukar nauyin junansu. To don me za a gina shafin da ke ɗaukarsu a matsayin masu karɓa kawai?

Saboda haka daga waya nake farawa, ba daga babbar kwamfuta ba, kuma tsohuwar waya nake gwadawa da ita, a inda sabis ke da rauni. Hoto mai nauyi da bidiyon da ke tashi da kansa duk cire su nake yi. Rubutu ya zama manya-manya yadda mai raunin gani zai karanta ba tare da ya matse ido ba. Adadin farko da nake jerawa dala 5 ne, sai 10, sai 25. Idan aka fara da 100, an riga an gaya wa mai biyar cewa tasa ba ta kai ba, kuma da kunya zai rufe shafin. Ba na tilasta wa kowa yin rajista a shafin ko rubuta adireshin gidansa idan ba dole. A bar mutum ya biya da abin da ya saba, kati ne, Apple Pay ne, Cash App ne. Akwatin nan na "a riƙa cire mini duk wata" kuwa ba na taɓa barinsa a cike tun kafin mutum ya zaɓa. Na san yana ƙara kuɗin shiga. Amma wanda albashinsa ke ƙarewa kafin wata ya ƙare, aka cire masa dala 25 bai sani ba, banki kuma ya ɗora masa tara, wannan cuta ce, ko da sunan alheri aka yi ta.

Inda muke yawan ja-in-ja da shugabanni shi ne hotuna. Wasu na son a sa fuskar da ke kuka, ko hoton da 'yan sanda suka ɗauka ranar kamu, wai shi ke buɗe aljihu. Ba na yarda. Mutumin da ake nema wa beli kotu ba ta same shi da laifi ba tukuna; rashin kuɗi ne ya riƙe shi a kurkuku. Gobe zai nemi aiki, za a binciki sunansa a intanet, 'ya'yansa ma za su gani. Idan za a sa hotonsa, ya zama wanda shi ya zaɓa, da yardarsa, kuma a cire duk ranar da ya ce a cire.

Sai batun amana, wanda ya fi duk sauran nauyi. Bayan kisan da ɗan sanda ya yi wa George Floyd, wani baƙar fata, a Miniyapolis ranar 25 ga Mayu 2020, da zanga-zangar da ta biyo baya, wata ƙaramar ƙungiyar biyan beli, Minnesota Freedom Fund, ta samu sama da dala miliyan 30 cikin 'yan makonni. Kuɗin ya fi ƙarfin ma'aikatanta nesa ba kusa ba. Ta yi abin da ya dace, ta roƙi jama'a su karkata gudummawarsu ga wasu ƙungiyoyin baƙaƙen fata na garin. Duk da haka, da aka ji cewa abin da ta kashe a beli a farkon nan bai wuce 'yan ɗaruruwan dubban daloli ba, sai surutu ya tashi. Masu bayarwa da yawa ba su san yadda beli ke tafiya ba: akwai masu zanga-zanga da aka saki ba tare da an nemi ko kwabo ba, kuma kuɗin belin da aka biya yakan dawo asusu idan wanda ake tuhuma ya halarci zaman kotu, sai a sake fitar da wani da shi.

Wannan bayanin wurinsa yana nan gefen maɓallin bayarwa, a layi uku ko huɗu, ba a ƙarshen wani rahoton shekara da ba mai buɗewa ba. Nawa aka tara, nawa aka kashe, a kan me, yaushe aka sabunta lissafin, kuma me za a yi da ragowar idan kuɗin ya wuce buƙata. Yanzu ba na karɓar aikin ƙungiyar da ba ta nuna mini mutumin da zai riƙa sabunta wannan lissafi duk wata ba.