Ranar da ditekta ta ƙi tashi

Ƙannena masu shigowa aikin ɗakin gwaje-gwaje, musamman waɗanda aka damƙa wa na'urar HPLC mai rarrabe sinadaran da ke cikin ruwan gwaji ta auna yawansu, bari in ba ku labarin wata Litinin da har yau nake jin ciwonta.

Ina shekarata ta biyu a aiki, aka kawo ƙwayoyin farasitamol a auna, ana jiran sakamako kafin Laraba. Na kunna ditektar UV, wato ɓangaren na'urar da ke auna sinadari da hasken UV, fanka ta juya, ta fara binciken kanta kamar kullum, sai ta tsaya cak da jar fitila a goshi. Rubutu ya fito a allon kwamfuta, ban tsaya na karanta ba, don zuciyata ta riga ta yanke cewa ƙwan fitilar cikinta, wato ƙwan diyuteriyom mai ba da hasken UV, ya mutu. Na kashe na kunna har sau biyar, alhali kowace kunnawa rage wa ƙwan diyuteriyom kwana take yi. Daga nan na buɗe kabad na ɗauko ƙwan ajiya, guda ɗaya tak da muke da shi, wanda aka yi watanni ana jira kafin ya iso daga waje. Don gaggawa na kama gilashinsa da hannu ba safa. Na ɗaura, na kunna, jar fitila ta dawo.

Da maigidana na wurin aiki ya shigo bai yi faɗa ba. Cewa ya yi, "Me na'urar ta ce?" Na yi shiru. Ya sunkuya ya karanta: ta kasa daidaita zangon haske, hasken da ke isowa bai kai ba. Ya ce, "Ranar Juma'a da me ka bar ta?" Na ce, "Ranka ya daɗe, bafar fosfet ce." Wato ruwan gishirin fosfet da famfon na'urar ke turawa cikinta. Na kashe famfon na tafi masallaci, ban wanke ba.

Ga abin da ban sani ba a lokacin. Irin ditektarmu idan ta tashi takan laluɓi wasu layuka a hasken diyuteriyom, ɗaya a nanomita 656, ɗaya a 486, da su take gyara ma'auninta. Hasken kuwa sai ya ratsa ɗan ƙoƙon da ruwan gwaji ke bi, wanda cikinsa bai kai ɗigon ruwa ɗaya ba. In ƙoƙon ya bushe, ko kumfa ta maƙale, ko gishiri ya daskare a tagoginsa, haske ba zai wuce ba, na'urar kuma ba za ta tashi ba komai lafiyar ƙwan. Kwana uku fosfet ɗina ya yi yana bushewa a ciki.

Maigida ya cire kolom, wato ɓangaren da ke rarrabe sinadaran, ya haɗa bututun kai tsaye, ya tura tataccen ruwa mililita ɗaya a minti har rabin awa, sannan ya bi da gaurayen ruwa da metanol. Ku riƙe wannan jerin da kyau: ruwa tukuna. In kuka fara da metanol ko asitonaitiril zalla, fosfet ƙara daskarewa zai yi ya toshe hanya. Ya bari ƙwan ya huce, ya mayar da tsohon, ya nuna mini lissafin awoyinsa a kwamfuta: bai kai 1,000 ba, irinsa kuma yakan yi wajen awa 2,000. Muka kunna ruwa na gudana a ciki, ta tashi lafiya lau. Sabon kuwa zanen yatsana ya riga ya ƙone a jikin gilashin, hasken UV ɗinsa bai ƙara cika ba.

In ko fanka ba ta motsa ba, wannan maganar wuta ce. Ku duba waya, da sitabilaiza, da fis ɗin da ke kusa da mashigar waya a baya, musamman bayan an ɗauke wuta an koma janareta. Ku sa fis mai lamba ɗaya da wanda ya ƙone, kada ku kuskura ku naɗa waya a madadinsa. In ya sake ƙonewa ku tsaya, ku kira injiniya. Wasu na'urorin kuma ɗigon ruwa a kan ma'aunin yoyo, wato abin da ke gano in ruwa na zuba a ciki, ya isa ya hana su aiki, ƙyalle ne maganinsa bayan an gano inda yake zuba. Lokacin hunturu ƙura kan toshe kafofin iska. Kada ku kalli ƙwan yana ci, yana lahanta ido, kuma ku ba shi aƙalla rabin awa ya yi ɗumi kafin ku yarda da layin da ditekta take zanawa a allo.

Yanzu duk Juma'a ƙarfe goma sha ɗaya da rabi nake canza bafa da ruwa, in bi da metanol, in rubuta a littafin na'ura abin da na bari a ciki, sannan in yi alwala.