Na je Kaduna ɗauko mota, na tarar da tsatsa

Shekaranjiya na dawo daga Kaduna, har yanzu ƙarar birkin nan ba ta bar kunnena ba. Yaya ne ya aike ni in ɗauko Corollarsa da ya bari gidan amininsa a Unguwar Rimi tun watan Yuni. Hanya ba abin faɗa: na hau mota a Unguwa Uku da sassafe, muka bi Kwanar Dangora, Zariya, Jaji, kafin azahar muna Kawo ana tsuga ruwa. Ruwan Kaduna ba irin namu ba ne. A Kano hadari zai haɗu, ya zuba, ya ɗauke. Can kuwa sai a wuni ana yayyafi, bango ma ya yi gansakuka.

Alhaji mai masaukina ya hana ni taɓa makulli sai da na tashi da malmala biyu ta tuwon shinkafa da miyar taushe. "Zauna ka ci, motar ba gudu za ta yi ba." Gaskiyarsa kuwa, don batir ya mutu, sai da muka jona da nasa. Na sauke birkin hannu, ta ƙi motsi, na ƙara wuta, sai ji na yi ƙas! ta saki. Da na taka birki a bakin ƙofa kuma, ƙara kamar ana jan kwano a kan siminti. Na leƙa ta tsakanin rim, faifan birki, ƙarfen nan da birki ke kamawa a bayan taya, ya yi jawur kamar bakin mai cin goro.

Bakaniken farko, wani matashi a bakin titi, ko durƙusawa bai yi ba. "Oga, wannan ya mutu, sai sabo, na gaba duka biyu." Wai Naira 70,000. Da a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano ne, ai sai mun yi rabin awa muna ja-in-ja. Shi ko kallona bai sake yi ba, yana ta danna waya. Na kira Alhaji, ya ce in wuce Panteka wurin wani dattijo da ya sani.

Panteka duniya ce. Ƙarar guduma, tartsatsin walda, ga tukwane, ga injin niƙa, duk aikin hannu. Baban ya sa yaronsa ya ɗaga motar da jak, aka cire taya, ya bi faifan da farce. Jan gari ya biyo yatsarsa, ƙarƙashi sumul.

"Ɗan nan, wannan ai tsatsar zama ce. Ƙarfen zubi ne, kuma ba a yi wa inda takalmin birki ke kamawa fenti. Ko wanke mota ka yi ka bar ta ta kwana, gobe za ka ga haka."

Ya nuna min wasu lambobi da aka buga a jikin faifan, iyakar sirantakar da aka yarda ya kai, a milimita. Ya auna, da sauransa. Ya ce abin tsoro shi ne tsatsar da ta ci ƙarfe ta bar ramuka, ko ka taka birki ka ji yana harbin ƙafarka, sitiyari na rawa. Nan sai a kai inji a kankare, ko a canja. Na ce, "Baba, ko a shafa masa baƙin mai kada ya sake?" Hararar da ya yi min! "Mai a kan birki? So kake a tsinto ka a rami kafin Jaji?"

Ɗan sanfefa kawai ya goga, aka mayar da taya, ya shiga gefena. Muka samu titi marar cunkoso, in ɗan ja, in taka a hankali, kamar sau 10. Ƙarar ta yi ta raguwa har ta ɓace, faifan ya koma ƙyalli. Naira 2,000 ya karɓa, ya kuma saya min shayi a ciki. Ya ce in gaya wa Yaya, in zai sake ajiye ta haka, kada ya ja birkin hannu, ya sa dutse a taya, a riƙa zagayawa da ita duk mako.

A dawowa wani mai kaki ya tsare ni bayan Mararraban Jos, ya juya takardu ya rasa laifi, ya wurgo min su ta taga ko sannu babu. Na sayi rake a hanya. Magariba ta yi min a Kura.