Ajiye tsumman nan, ba a goge tsohuwar kwandala

Wani matashi na gani ya baje tsofaffin sulalla a kan tebur, tsumma a hannu, man goge ƙarfe a gefe, wai zai fito musu da haske kafin ya ɗauki hoto ya sa su a kasuwa. Da na ce ya dakata, sai ya ce ai a bidiyo ya ga ana yi. Komai yanzu a bidiyo aka gani.

Abin da yake shirin yi, shi na yi wa sulallan azurfata na farko. Sabuwar kwandala tana da wani sheƙi wanda ba goga ce ta kawo shi ba. Lokacin da inji ya danne ƙarfen, ƙarfen yana malala daga tsakiya zuwa baki, ya bar ƙananan layuka da ido ba ya gani, su ne ke juya haske idan ka karkata ta. Man goge baki, toka ko ruwan lemun tsami suna cinye layukan nan, tsumma kuma ya bar ƙarce sirara kamar gashi. Da gilashi mai ƙara girma sau 10, mai saye zai gano cikin daƙiƙa, kuma sheƙin ba ya dawowa. Duhun da na kankare kuwa, wanda azurfa ke yi idan ta daɗe tana haɗuwa da farar wutar da ke cikin iska, masana suna sonsa idan na asali ne. Ina iya cewa ba laifina ba ne, don a lokacin babu intanet, kuma kowa ya taso yana ganin abu mai daraja wanke shi ake yi. Amma littattafai suna nan, ni ne na ƙi tambaya. Ko da yake wanda ya sayar mini ma bai ce mini uffan ba.

Haka na ruɗu da tsufan kwandala. Dalar Mariya Taresa ta Ostiriya tana ɗauke da 1780, shekarar da sarauniyar ta rasu, sai na ɗauka na yi tsintuwa. Ashe an ci gaba da buga ta da wannan shekarar har zamaninmu, ɗaruruwan miliyoyi, yawancinsu kuɗinsu bai wuce na azurfar jikinsu da yawa ba. Ƙananan sulallan tagulla na Rumawa na ƙarni na 4 ma araha ne, don tuli-tuli ake tono su. Ita kuwa kwandalar zinariya ta dala 20 da Amurka ta buga a 1933, guda 445,500 aka yi, amma aka narkar da kusan duka, ɗaya tak doka ta yarda mutum ya mallaka. A 2021 an yi gwanjonta a kan dala miliyan 18.9. Abin tambaya ke nan: nawa suka rage, kuma mutum nawa ke nema? Kwandalar da ta yi ƙaranci amma babu mai sonta, ajiya ce kawai.

Na so in jero muku shawarwari da yawa, ƙannena, amma na san ba za ku karanta ba, don haka ga kaɗan.

Ku koyi lafiyar kwandala kafin ku koyi farashi. Ana auna ta da ma'aunin Sheldon na 1949, daga 1 zuwa 70. Daga 60 zuwa sama ita ce wadda ba ta taɓa yawo a hannun jama'a ba. A can sama, tazarar maki ɗaya tana iya ninka kuɗi. Kamfanonin tantancewa irin su PCGS da NGC ba sa ba wadda aka wanke maki, sai su rubuta an wanke, farashi ya faɗi. Ku sayi wadda aka tantance aka rufe a roba. Amma kada ku amince da robar ma, don ita kanta ana yin jabunta; ku duba lambar jikinta a shafin kamfanin.

Ku dubi ƙaramin harafin da ke nuna gidan da aka buga ta. Kwabon Amurka mai hoton Lincoln na 1909 mai VDB (haruffan sunan wanda ya zana shi), wanda aka buga a Filadelfiya kusan miliyan 28 ne, na San Faransisko mai harafin S kuwa 484,000. Shi ya sa 'yan damfara ke liƙa S a jikin mai araha. Sikeli mai auna 0.01 na giram ya fi rantsuwar mai sayarwa: dalar azurfa ta Amurka da ake kira Morgan giram 26.73 ce, fam ɗin zinariya na Ingila 7.98. Idan ta manne wa maganaɗisu, ba azurfa ba ce ba zinariya ba ce. Idan ba ta manne ba, wannan bai nuna cewa ta gaske ce ba.

A gefe ake riƙe kwandala, don zufar yatsa tana cin fuskarta. Kada ku ajiye ta cikin leda mai laushi ta PVC, wadda ke fitar da wani koren danƙo da ke cin ƙarfe. Na ce kada a wanke, to idan danƙon nan ya kama ta dole ne: a jiƙa ta cikin tsantsar asiton (wani sinadari mai narkar da danƙo) a kwanon gilashi, nesa da wuta, a bar ta ta bushe da kanta, ba shafawa ba gogewa. Asiton na goge farce ba ya cikin maganar, yana da turare da mai.