Zaren ɗinki a kan ƙwallon duniya

Yau Auta ya kayar da ni, kuma har yanzu abin bai sake ni ba.

Da yamma ya zo da littafin taswirarsa ya buɗe mini a cinya. "Baba, daga filin jirgin Utqiagvik na Alaska zuwa na Longyearbyen a tsibiran Svalbard, awa nawa ne?" Shi dai da sunayen nan masu karya harshe. Na duba, ɗaya can ƙuryar hagu, ɗayan ya wuce tsakiyar shafi. Na ce, "Ai rabin duniya ne, sai an kwana a sama." Da ƙarfin gwiwa fa na faɗa.

Bai yi musu ba. Ya je ya ɗauko ƙwallon duniyar da Yaya ta saya masa, ya tsinko zaren ɗinkin mamarsa, ya danne bakin zaren a Alaska ya ja. Zaren bai bi ta gefe ba, ta ka ya haye, ya gifta dab da ƙololuwar Arewa ya sauka a Svalbard. Ko ɗani ɗaya bai kai ba.

Na ce a ba ni biro, ko zan ƙwato mutuncina. Longyearbyen na kan digiri 78, saura 12 a kai ƙololuwa. Utqiagvik na kan 71, saura 19. Garuruwan kusan fuska da fuska suke, don haka haɗawa kawai za a yi: 31, kowane digiri kilomita 111. Wajen kilomita 3,400 ke nan, tafiyar awa huɗu da 'yan kai. Shimfiɗaɗɗiyar taswira ce ta yaudare ni, ita da take buɗa saman duniya har Greenland ta yi kamar ta kai Afirka.

Mamarsa har da tafi. Na lura.

Aiki yau babu labari. Ciwon bayan nan ya ɗan lafa.

Abin da ya hana ni barci daban ne. Babu jirgin fasinja da ke bin hanyar zaren nan. Mutumin Utqiagvik, da ko titin mota bai haɗa garinsa da sauran Alaska ba, sai ya gangara Anchorage, ya wuce Seattle, ya tsallaka Turai, ya kai Oslo, sannan ya sake hawowa arewa. Ya haura kilomita 12,000 don ya isa wurin da ke bayan ƙanƙara kaɗai. Kuma da hunturu dukansu a duhu suke, a Utqiagvik rana ta ɓace sama da wata biyu, a Longyearbyen kuma sama da wata uku.

Sai Yaya ta faɗo mini a rai. Rabona da gidanta tun ranar da ta kawo ƙwallon nan, alhali da ƙafa ma ana zuwa. Na ɗauki waya, na ga dare ya yi, na ajiye.

Auta ya yi barci, zaren na naɗe a yatsarsa.