Inda Ake Kafa Kyamara

A sana'ar fim, yaro da ɗaukar jaka yake farawa. Ya naɗe waya, ya riƙe fitila, ya kula da janareta, sai daga baya a bar shi ya leƙa ta cikin kyamara. Ni ma ta nan na biyo a Kano, daga ɗaukar biki da suna har zuwa lokeshan. Wannan hanya tana gyara wa mutum hannu, tana koya masa haƙuri, amma ba ta gaya masa dalilin da zai sa ya kafa kyamara a nan ya bar can. Wannan a tsofaffin finafinan duniya na same shi, ta hannun ubangidana, wanda yakan zaunar da mu a shago bayan Isha'i mu kalli fim an kashe masa sauti gaba ɗaya. Hujjarsa ita ce, in ka iya gane wane ne babba a ɗakin, wa ke shakkar wa, wa ke ɓoye magana, alhali ba ka ji kalma ɗaya ba, to mai ɗaukar hoton ya yi aikinsa. In ka kasa ganewa, wasan rediyo aka yi aka liƙa masa hoto.

Waɗanda suka fi sauya mini aiki su ne wani darakta ɗan Japan, Yasujiro Ozu, da mai ɗaukar hotonsa Yuharu Atsuta. A fim ɗinsu Tokyo Story na 1953, tsoho da tsohuwa ne suka taso daga garinsu Onomichi suka je birnin Tokyo ganin 'ya'yansu, suka tarar kowa hidimarsa ta sha masa kai. Matar ɗansu da ya tafi yaƙi bai dawo ba, ita kaɗai ta ba su lokacinta. Labarin ke nan, babu faɗa, babu guje-guje. Mutanen Japan na wancan zamani a ƙasa suke zama, a kan tabarmarsu da suke kira tatami, saboda haka Ozu ya sauko da kyamara daidai idon wanda ke zaune, wani lokaci ma ƙasa da haka. Gajeriyar ƙafa ta musamman aka yi wa kyamarar, Atsuta kuwa sai ya zauna ko ya kwanta a ƙasa kafin ya leƙa. Gilashin gaban kyamara iri ɗaya suka riƙe, mai milimita 50, wanda ya fi kusa da yadda idon mutum ke ganin abu. Fim ɗin ya haura awa biyu, amma da ƙyar za ka kama inda kyamarar ta motsa.

Mu ma ai a ƙasa muke zama. Mai gida yana kan buzu ko darduma a zaure, uwa tana kan tabarma a tsakar gida, yarinya ta durƙusa tana gaisuwa. To amma mai ɗauka a tsaye yake, ƙafar kyamara ma an miƙe ta daidai kafaɗarsa, sai kawai ya karkato da kanta ƙasa. Abin da ke fitowa shi ne dattijo ana kallonsa daga sama, tsakiyar hularsa ta fi fuskarsa bayyana. Babu ɗan da ya sami tarbiyya da zai tsaya ƙerere a kan mahaifinsa yana kallonsa haka, amma ga shi mun tsayar da mai kallo a wurin. Duk girman da marubuci ya ba dattijon a takarda, kyamara ta zare masa shi. Da zarar ka sauke ta daidai idonsa, komai ya koma mazauninsa. Bango da ƙofa su miƙe, wanda ya shigo a tsaye ya yi tsawo har kansa ya nemi fita daga hoton, sai ya rusuna sannan ya shigo cikin zaman. Ladabin da muke faɗa da baki, a nan ido ke ganinsa, mai kallo kuma ya zama kamar baƙon da aka shimfiɗa wa tabarma a cikin gidan. Wannan ba ya cin ko kwabo. Gwiwar mai ɗauka kawai yake ci.

Jera mutane a cikin hoto kuwa daga Gregg Toland na koya, wanda ya ɗauki Citizen Kane na Orson Welles a 1941. Akwai wurin da uwa ke zaune kusa da kyamara tana sa hannu a takardar miƙa ɗanta ga wani ma'aikacin banki, uban yana tsaye can baya yana ƙorafin da ba wanda ke saurara, yaron kuma yana waje, ana hango shi ta taga yana wasa cikin dusar ƙanƙara. Dukansu sun fito tar, na kusa da na nesa. Mai iko ta fi kowa girma a hoton, wanda ake yanke wa hukunci ya fi kowa ƙanƙanta, bai ma san ana yi ba. Sau nawa muke ɗaukar sin ɗin da iyaye ke yanke maganar auren 'yarsu, mu jera su a kan kujera ɗaya kafaɗa da kafaɗa, muna bin fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya? Ga ƙofa, ga labule, ga tsakar gida inda yarinyar za ta iya zama tana wanke-wanke, ana hango ta daga nesa.

Maganar nisa ita ce muka fi saɓawa da daraktoci a kai. Al'adarmu ce da zarar an zo wurin kuka ko mutuwa, sai a ce a matso, a cika hoton da fuska. Abderrahmane Sissako ya yi akasin haka a fim ɗinsa Timbuktu na 2014, wanda ya ba da labarin lokacin da masu ɗauke da makamai suka mamaye garin a 2012, ko da yake a Muritaniya aka ɗauke shi saboda rashin tsaro. Masunci ya kashe wa wani makiyayi saniya don ta shiga komarsa. Makiyayin ya je masa, suka kama kokawa a cikin ruwa, bindiga ta tashi. Nan take mai ɗaukar hoton, Sofian El Fani, ya koma can nesa, ya kafa kyamara ya ƙyale ta. Ga faɗin ruwa daga wannan gefe zuwa wancan, rana tana shirin faɗuwa, makiyayin ɗan mitsitsi yana ratsa ruwan zuwa gaɓa, masuncin ya yunƙura ya miƙe, ya yi tangaɗi, ya faɗi. Ba a nuna hawaye ba, ba a nuna jini ba. Na daɗe ina tunanin abin da ya sa wannan ya fi duk hoton kusa nauyi, abin da na tsaya a kai shi ne: daga nesa ne kaɗai kake ganin su biyun tare, wanda ya kashe da wanda aka kashe, talakawa biyu a kan saniya ɗaya, ka kasa zaɓar wanda za ka fi tausaya wa. Hoton kusa da ya zaɓar maka. El Fani ya karɓi kyautar César ta Faransa a 2015 saboda wannan fim, kuma a wurina ya cancanta ko da wannan hoton kaɗai ya ɗauka.

Irin wannan haƙurin ne mai ɗaukar hoto Freddie Young da darakta David Lean suka yi a hamadar Jodan a Lawrence of Arabia na 1962. Mutum biyu suna bakin rijiya, sai wani ɗigo baƙi ya ɓullo can cikin kawalwalniya. Kamfanin Panavision ya ba su dogon gilashi mai milimita 482 don wannan hoton, wanda ya kamo rawar da zafi ke sa iska ta yi a saman yashi. Ɗigon yana tahowa sannu a hankali, babu kiɗa, har ya zama mutum a kan raƙumi, shi ne jarumi Omar Sharif. Wanda ya taɓa tafiya arewacin Nijar ko Chadi ya san wannan jiran, ka hango mai zuwa tun daga nesa ba ka san ko da alheri yake tafe ba.

Akwai hujjar da darakta kan kawo, kuma hujja ce ta gaskiya. Lean don babban allon silima ya yi aikinsa, da fim mai faɗin milimita 70, mu kuwa yawancin masu kallonmu a waya suke gani, a YouTube, mutum a hoton nesa bai kai ƙwayar gero ba. Na yarda. Shi ya sa ba na yawaita shi, kuma in zan yi sai na tabbatar bayan mutumin fili ne, sama ko ruwa ko farin bango, yadda ido zai tsinto shi ko a ƙaramin allo. Amma a ce saboda waya an daina ja da baya gaba ɗaya, wannan ban yarda ba.

Motsin kyamara ba zan daɗe a kansa ba, don shi ne kowa ya fi magana a kai. Garrett Brown ya ƙirƙiro Steadicam, na'urar da mai ɗauka ke ɗaurawa a jiki don kyamara ta daina girgiza yana tafiya, aka fara ganin aikinta a finafinan 1976. A 2002 Alexander Sokurov ya fitar da Russian Ark, wanda Tilman Büttner ya ɗauka a jan numfashi ɗaya na kusan awa ɗaya da rabi a gidan tarihi na Hermitage da ke Rasha, ba yanka ko ɗaya. Wanda ya fi zaunar mini shi ne na Goodfellas na 1990, inda kyamara ta bi saurayi da budurwarsa ta ƙofar baya, ta cikin kicin, har gaban dandamali, wajen minti uku ba a yanke ba. Dalilin a fili yake: yarinyar ana ruɗar ta da yadda kowace ƙofa ke buɗe wa wannan mutum, kuma dole mai kallo ya ruɗu tare da ita. Yau kuwa kowane fim namu sai ya buɗe da jirgi maras matuƙi yana shawagi a saman gadar sama da rufin gidaje, ko labarin na ɗaki ɗaya ne. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Haske shi ne inda na fi samun ƙarfin gwiwa, domin manyan da suka yi suna a kansa da yawa rashi ne ya tura su. Subrata Mitra bai wuce shekara 22 ba lokacin da darakta ɗan Indiya Satyajit Ray ya damƙa masa ɗaukar Pather Panchali, wanda ya fito a 1955, kuma kafin nan bai taɓa sarrafa kyamarar fim ba, hoton kati yake ɗauka. A fim ɗinsu na gaba, Aparajito na 1956, tsoron ruwan damina ya sa aka gina tsakar gidan birnin Banaras a cikin sutudiyo. Irin wannan tsakar gida daga sama haske ke sauko mata, mai laushi, marar inuwa, fitilun sutudiyo kuwa inuwa suke jefawa ko'ina. Sai Mitra ya sa aka shimfiɗa farin yadi a saman wurin, ya haska fitilun a jikin yadin, hasken ya dawo ƙasa tamkar na sararin sama. Yau duk duniya haka ake yi. Kazuo Miyagawa a Rashomon na 1950 da madubi ya riƙa kamo rana yana jefa ta kan fuskokin 'yan wasa a cikin daji. V.K. Murthy ma da madubai ya shigo da sandar hasken rana cikin duhun sutudiyo a Kaagaz Ke Phool na Guru Dutt a 1959. Mu da muka tashi da finafinan Indiya a Marhaba da Plaza, waƙa da rawa muka ɗauko daga wurinsu, wannan ɓangaren muka bari, alhali tsakar gidan Mitra da tamu ginin ɗaya ne. Farin yadi da madubi babu kasuwar da ba a samun su.

Abin da ya fi damuna a aikinmu shi ne tsoron duhu. Mai ɗaukar hoto Gordon Willis, a The Godfather na 1972, daga sama ya sauko wa Marlon Brando da haske, idanunsa suka shige inuwa, ka kasa karanta abin da ke ransa, kuma haka ya kamata ga mutumin da kowa ke zuwa roƙo wurinsa cikin fargaba. Ko sunan Willis ba a sa cikin masu neman Oscar ba a kan wannan aiki, sai a 2009 aka ba shi ta girmamawa. Mu kuwa sai mu kunna duk fitilar da muka zo da ita, a haske ɗaki har lungu, dare ya koma tsakar rana.

Wannan ya fi yi wa baƙar fata illa. Tun daga shekarun 1950 kamfanin Kodak ya riƙa raba wa wuraren wankin hoto wani kati mai hoton Baturiya, da shi ake daidaita launi, wato ma'aunin tun asali ba da mu aka yanka shi ba. Maganin da muka saba yi shi ne ƙara fitila, fuska ta yi fari fat, goshi yana ƙyalli, launin mutum na ainihi ya ɓace. Baƙar fata mayar da haske take yi, saboda haka babban haske mai laushi daga gefe ya fi yi mata kyau, sai kumatu da hanci su fito da siffarsu. Bradford Young ya nuna haka a Mother of George na Andrew Dosunmu a 2013, labarin 'yan Najeriya mazauna Amurka, inda fata da atamfa da gwaggwaro suka fito da cikakken launinsu.

Yanzu kafin ranar ɗauka nakan je gidan da za a yi aiki in ga inda rana ke faɗawa da hantsi da inda take komawa da la'asar, in roƙi darakta a jera sina-sinan bisa haka. Furodusa ba ya son jiran la'asar sakaliya, don kowace awa kuɗi ce, wani lokaci ya yarda, wani lokaci a'a. Jarumai ma da yawa har yanzu sukan ce, “Oga, a ƙara mini haske.” Ba na musu da su. Nakan ɗauka iri biyu, ɗaya da fitila kai tsaye, ɗaya da hasken da ya dawo daga yadi, in juyo musu da allon su duba da kansu kafin mu ci gaba.