Abin da aikin manna takardar bango ke koyarwa

Yawancin takardar bangon da ake gani ta ɗaye ko ta yi baƙi daga ƙasa, ba laifin takardar ba ne. Bangon ne. Sabon fulasta yana bukatar akalla mako 4 kafin ya bushe sosai, in da damina ne ma ya fi haka. Bangon da ke tsotsar danshi daga ƙasa, wanda ake ganin farin gishiri yana fitowa a gindinsa, ba a manna masa komai sai an yi maganin danshin, domin takarda mai fuskar roba tana rufe ruwan a ciki, sai fumfuna ta tashi a bayanta. Fenti mai sheƙi a goge shi da sanfefa, gam ba ya kama santsi. Farar ƙasa kuwa a wanke ta tas. Ka shafa tafin hannunka a bangon: in ya fito da gari, bai shirya ba. Ramukan ƙusa a cike su, ko ƙwayar yashi ɗaya ce za ta nuna kanta idan an kunna fitila.

Sai lissafi. Nadin da aka fi sani faɗinsa santimita 53 ne, tsawonsa mita 10. Bango mai tsayin mita 3 yana cin falle 3 a nadi guda, in an ƙara santimita 5 sama da 5 ƙasa na yankewa. Ɗaki mai ƙafa 12 kowane gefe kewayensa ya ɗan wuce mita 14 da rabi, wato falle 28, nadi 10 ke nan kafin a cire ƙofa da taga. Takarda mai babban zane tana da asara wajen haɗa zanen, don haka a ƙara nadi ɗaya. A duba lambar bugu da ke jikin takardar shaidar kowane nadi, ta zama ɗaya. In lambar ba ɗaya ba ce, launin yakan ɗan bambanta, kuma sai an manna ake gani.

Kayan aikin ba su da yawa: tef na awo, fensir, tsani, bokiti, burushi ko rola, soso, faffaɗan roba na shafewa, da wuƙar reza da rezojin canji da yawa. Reza ta dushe, takarda mai laima sai ta yage.

Kada a yarda da kusurwar ɗaki, da wuya ta miƙe. A ɗaura ƙaramin ƙarfe a zare, a sake shi daga sama, a ja layi da fensir kimanin santimita 51 daga kusurwa. Falle na farko kan wannan layin zai hau, ragowar ta lanƙwasa cikin kusurwar. In ya karkace, duk na bayansa sun karkace. Kowane sabon bango a sake jan layi.

Garin gam a barbaɗa shi cikin ruwan sanyi ana juyawa, ba ruwa ake zuba wa gari ba, in ba haka ba sai ya yi gudaji. Takarda mai bayan takarda ita ake shafa wa gam, a naɗe ta ciki da ciki ta jiƙa minti 5 zuwa 10, tsawon jiƙon kowane falle ya zama ɗaya, don tana buɗewa idan ta jiƙa. Wadda aka manna da wuri a bango take buɗewa, shi ne kumburin da ake gani. Mai bayan zare ba ta bukatar jiƙo, bangon ake shafawa. In an manna falle, ana shafe shi daga tsakiya zuwa gefe, baki ya haɗu da baki, kada ya hau. Gam da ya taɓa fuska a goge shi nan take.

A wajen soket a kashe wuta, a yanka gicciye, a datse. Da hunturu a rufe tagogi, a kashe fanka, a shafa gam na falle ɗaya kawai, domin saurin bushewa ne ke buɗe mahaɗa. Ƙananan kumburi sukan kwanta da kansu cikin kwana 2. Wanda ya rage a huda shi da sirinji mai gam a danne.